Takardar da Na Kai Ranar Lahadi

Har gobe in na ga malamin gona a kan babur sai in kawar da kai. Hassada ce, ba na ɓoyewa, kuma na san ranar da ta yi jijiya.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka yi shela a kasuwar Bakori cewa gwamnati za ta ɗauki mutum ɗaya daga gundumarmu, a koya masa aikin malamin gona. A ƙauyenmu mu biyu muka yi boko, ni da taubashina, ɗan kawuna. Shi irin mutanen nan ne da ko barci suke yi rabonsu ke zuwa ya tashe su. Na fi shi karatu nesa ba kusa ba, amma shi kowa ke so. Rubutunsa kuwa kamar kaza ta yi tono, don haka ni na rubuta takardun neman aikin, tawa da tasa.

Ƙarshen wata za a rufe karɓa a ofishin gona na Funtuwa, ranar kuma ta faɗo Lahadi. Girbin dawa ya riƙe mu har ranar ta zo, ban damu ba. Mu da En'e, hukumar sarki, muka saba, Juma'a take hutu, Lahadi ko alƙali zama yake yi. Wa ya gaya mini gwamnati da nata lissafin?

Mun yi da taubashina za mu tafi tare. Ana idar da sallar asuba na sulale ni kaɗai, na bar shi ya koma barci. Na ce a raina, wannan karon dai ba ka ci ba.

Na isa da hantsi, ƙafa duk ta yi futu-futu, na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya ce yau ba aiki. Ban tambaye shi komai ba, na yanke wa kaina hukunci cewa wa'adi ya wuce. Don haushi na sayi ƙosai, na miƙa wa mai tuyar takardata ta ƙunsa mini a ciki. Wallahi haka na yi. Abu ɗaya ya sanyaya mini rai a hanya: ban samu ba, shi ma bai samu ba.

Kashegari Litinin, kasuwar Funtuwa. Kawu ya aike shi sayar da barkono, takardarsa tana naɗe cikin hula. Ya biya ta ofishin, wai ko don ya ga yadda wurin yake. Akawu ya karɓa salin alin. Ya ce masa doka ba ta ƙirga ranar da ƙofa ke rufe. In wa'adi ya faɗo Lahadi ko hutun Sallah, sai ya koma ranar aiki ta gaba. Har ya yaba rubutun, ya ce wannan ai hannun malamai ne.

Sai bayan la'asar taubashin nawa ya dawo, an riga an tashi daga ofis. Ya same ni a bakin rumbu, bakinsa har kunne.

"Ɗan mace, ashe gudu ka yi mini jiya! To, ni ma na kai. Kai wa ya karɓi taka?"

Na ce masa kaina ke ciwo.

Shekara biyu bayan nan ya dawo cikin kaki, a kan keken gwamnati, yana koya wa manoma shuka auduga a layi. Ya zo har gonata, ya ba ni bakin igiya.

"Ja da kyau mana, layinka ya karkace."

Na ja, raina kamar ya fita. Da muka gama ya zaro wasu takardu daga jaka, ya sassauta murya. Rahotonsa ne na wata, yana so in kwafe masa, don a ofis an san shi da kyan rubutu.

Na goge hannuna a riga, na karɓi alƙalamin.