Yayana mai gadin zane-zane, da hannuna da ya ƙi jin magana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da rana tsaka, ɓarayi biyu suka shiga gidan tarihin da Yayana yake gadi, za su yanke wani tsohon zane daga jikin katakonsa. Ya rungume zanen, suka soka masa wuƙa sau uku, bai kai asibiti ba. Yaya, tun ranar akwai maganar da ta tsaya mini a wuya: na daki mutum saboda kai, kuma har yau bai farfaɗo ba.

Shekara ashirin kana tsaye a ɗaki ɗaya kana kallon tsaunuka da koguna da mutanen da aka zana. Baƙi su ce kai, wuri lafiya lau. Kai kuwa ka ce ƙarya ne, saura minti ɗaya a fara yanka. Daga nan ka samo wasanmu na ranar Asabar. Ka shimfiɗa hoton zane a teburin falonka, ni da abokanmu Tela da Malamar asibiti kowa ya ɗauki jarumi, kai ka ba da labari, dayis irin na ludo ya yanke hukunci. Makiyayin da ke can gefen hoto, sai ka ce an sare kansa. Ƙarƙashin gada dodo na tauna ƙashin matafiya. Kogi ya koma ja, ƙauye ya ci wuta, Tela yana ihu kamar shagonsa ake ƙonawa. Matarka ta leƙo ta ce, "Manya da ku, ko kunya!" Ka ce, "Kawo shayi, ana yaƙi."

Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, amma a teburin nan ba ka da tausayi. Sai dai kana da doka: duk wanda ya kashe mutum a wasa, shi zai kai gawar gidansu. Wata rana jarumina ya soki mai tsaron gada ta baya. Ka ɗora yatsa kan wata 'yar bukka a ƙarshen zanen, ka ce, "Can uwarsa take. Ɗauke shi." Asabar uku ina jan gawa, tana kumbura, ungulu na bin mu. Da na isa, ka maƙale murya irin ta tsohuwa ka ce, "Ɗana, wa ka ɗauko?" Na yi jifa da kujera, na fasa maka fitila. Washegari kai ka zo garejina ba ni haƙuri, alhali ni ne mai laifi. Haka kake tun muna yara.

Ranar da aka kashe ka, jama'a sun kama ɗaya daga cikin ɓarayin a bakin titi. Na iso da sifana a hannu, ban ma san na ɗauko ta ba. Dukan farko a kafaɗa, na ji ƙashi ya karye. Na biyu a ka. Jininsa ya fallatso mini har baki, kuma wallahi na ji daɗi, abin da ke cin raina ke nan. Tela ya shaƙe ni ta baya yana cewa, "Ya isa! Ya isa, don Allah!"

Yanzu mutumin yana kwance a asibiti, ɗan sanda a ƙofa, ni kuma 'yan sanda sun ce in jira kira. Kullum da safe ina zuwa in zauna a benci. Akwai wata dattijuwa da ke zama gefena, mahaifiyarsa ce. Ta ɗauka nawa mara lafiyar ne a ciki. Jiya ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sha, ɗana, Allah ya ba naka lafiya." Na karɓa da hannun nan na sha.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Inna ta'aziyya, da matarka, da 'ya'yanka mata biyu, da abokan teburinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Wanda duk ya karanta wannan ya yi maka addu'a, ina roƙonsa ya ƙara ɗaya: Allah ya tashi kafaɗar mutumin da ya kashe ka. Ko ya tashi ko bai tashi ba, gobe zan gaya wa uwarsa ko ni wane ne.