Sallama a Bakin Na'urar Hoton Kai

Shekarar da wani bajimin sa ya maka ni da ƙasa a karar Maigatari, ciwon kai ya ƙi barina. Likitanmu na Gumel ya ce yana tsoron jini ya taru a ƙoƙon kaina, in kuwa haka ne sai an fasa kan. Ni da ko aski sai na yi addu'a. Aka tura ni wani babban asibiti can kudu, inda ke da na'urar leƙa cikin kai. Ƙanena, mai sayar da hatsi a Gagarawa, ya raka ni.

Mai kula da na'urar wani Kirista ne ɗan Filato, Hausa raɗau a bakinsa. Ya ce, "Baba, ka san yankan kuɓewa? Haka take yi wa kai, amma da haske. Fitilarta ta zagaya ka, ta ɗauki yanka ɗaya, gado ya matsa, ta ɗauki na gaba. In yankan ya yi siriri, ƙaramin abu ma yana fitowa, sai dai hoton ya yi tsaki-tsaki. Wai a Turai sun ƙera mai ɗaukar yanka huɗu lokaci guda, kafin ka gaji an gama. Tamu tsohuwa ce, sai ka taimake ta. Kada ka motsa."

Na ce, "Yaro, kwanciya za ka koya mini? Aji huɗu na yi a elementare."

Aka zura ni ciki, tana ta gurnani. Ashe ƙanena, da aka bari ya tsaya bayan gilashi, ya hango abin maganar da ake ba ni umarni da shi. Ya duƙa.

"Salamu alaikum! Yaya, ya jikin?"

To, sallama ce fa. Na ɗago kai, na juya wajen muryar, na amsa har da barakatuhu, na ce da sauƙi.

Hoton ya fito dishi-dishi, kamar an shafa hannu a kan ɗanyen rubutu. Mai na'ura ya ce a haka ko likita ba zai rarrabe jini da inuwa ba. Aka fitar da ƙanena yana cewa shi dai gaisuwa ya yi.

Karo na biyu na sandare, ko miyau ban haɗiya ba. Likita ya jera hotunan a jikin fitila, ya daɗe yana duba. Babu jini, babu fasa kai. Buguwa ce, magani zai ishe ta.

Na tambaye shi ko ya dai ga ƙwaƙwalwa a ciki, don a gida ana musu. Ya ce akwai, daidai gwargwado.