Babur Mara Sirdi na Yaya Guguwa

Yayana, wanda masu babur na kamfanin kai saƙo suke kira Guguwa, a kan titi ya tsufa. Tun ina 'yar makaranta yake ɗaure kwalaye a bayan babur yana ratsa cunkoso, har na yi aure, na haihu, na buɗe shagon ɗinki, shi yana nan da hular kwanonsa mai tsagewa a goshi. Bai taɓa buge kowa ba, bai taɓa ɓatar da saƙon kowa ba. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun watse neman na kansu, saboda haka aikin nan shi ne abokin hirarsa, shi ne kuma abin taƙamarsa.

Sai ga ranar da ya faɗi, kuma ba a titi ba, ba da gudu ba. A harabar kamfani ne, yana tsaye cik an gama loda masa kaya. Ya sauke ƙafar hagu zai gyara igiya, gwiwar ta lanƙwashe, shi da babur da kwalaye suka zube ƙasa. Manaja, wani mai ɗan siririn gemu da ba a daɗe da kawo shi ba, yana bakin ofis. Maimakon ya ce sannu, sai ya tafa hannu ya tara mutane.

"Ku zo ku ga Guguwa ta koma buhu! Baba, wanda bai iya tsayuwa ba, ina zai iya tafiya? Kawo makullin."

A gaban direbobin da Yaya ya koya wa hanya ya karɓe makullin, ya tura shi sito liƙa takardu a jikin kwalaye. Daga ranar sunan Buhu ya bi shi. Ni dai har yau in na tuna mutumin nan sai na ji zuciyata tana tafarfasa. Na roƙi Yaya ya bar ni in je in wanke shi tas a gaban ma'aikatansa.

"Bar shi, Auta," in ji shi. "Da bakinsa ya faɗa, da bakinsa zai janye. Sai ya ce na iya tsayuwa a gaban mutanen da ya tara, ko da shi ne aikina na ƙarshe a duniya."

A wayar wani abokin aikinsa ya ga abin: wasu mutane a kan siraran babura suna hawa duwatsu a hankali, su tsaya cak a sama ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Ya yi ta cigiya har aka nuna masa wani mai gareji a bayan gari da ke da irinsa na hannu. Ni na raka shi. Mai garejin ƙato ne mai fara'a, ya bar wasan tun da ya karya kafaɗa. Babur ɗin kuwa ƙashi ne da taya kawai. Tankinsa bai fi kwanon sha ba, ba fitila, farantin da ke ƙarƙashin inji duk ya lotsa. Yaya ya tsuguna ya ja sarƙa, ya matsa birki, ya sa aka tayar ya shinshina hayaƙi. Sannan ya miƙe.

"Malam, ina sirdin?"

"Ai ba shi da sirdi, Baba."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Mu duka biyu mun yanke cewa ɓarawo ne, ya cire ya sayar daban. Sai muka matse shi a ciniki har ya sallama. Daga nan sai wajen mai walda, aka ƙera ƙarfe aka ɗora, ni kuma da hannuna na ɗinka masa matashin soso mai baƙar leda, har da ɗan ado a gefe. Yaya ya latsa tayoyin ya ji su luguf-luguf, ya ja tsaki, ya kai aka ɗura musu iska suka yi tauri kamar yadda ya saba a titi.

A filin bayan shagona yake gwaji, tsakanin igiyar shanya da katanga. Na shimfiɗa masa tsohuwar katifa, kuma wallahi katifar nan ta ga ta kanta. Zai zauna a sirdina mai ado, ya ɗaga ƙafa, kafin in ce "yauwa" ya kife. Da abin ya ishe shi, muka ɗora babur a motar kaya muka mayar wa mai gareji, Yaya yana huci wai an sayar masa da karkataccen ƙarfe.

Mutumin ya ga sirdin, ya riƙe ciki ya zauna a kan tsohuwar taya yana dariya har da hawaye.

"Wa ya yi wa dokina wannan aika-aika? Hajiya, ke ce? Ɗinki ya yi kyau, amma don Allah ki kai shi kujerar falo. Baba, wannan ba a zama a kansa. A tsaye ake hawa."

Ya kwance ƙarfen, ya sace iskar tayoyin har sai da babban yatsa yake nutsewa a ciki. Ya ce taya mai laushi ita ke rungumar ƙasa. Ya hana a tayar da inji. Ya sa Yaya ya karya kan babur gefe ɗaya har ƙarshe, ya riƙe birki gaba da baya, ya hau matakan ƙafa ya buɗe gwiwoyi.

"Kar ka dubi taya, ba ita za ta ba ka labari ba. Nemi wani abu can nesa ka kafe shi da ido. In ya rinjaya dama, danna matakin hagu da ƙafa. Kuma saki hannun nan, ba wuyan maƙiyinka ka riƙe ba."

"Ka san abin da na riƙe?" in ji Yaya.

Da muka koma, ya nemi abin kallo. Akwai wani tabon danshi a katangata, mai ɗan tsini a ƙasa kamar gemu. Yaya ya raɗa masa suna Manaja. Kullum ya tashi daga sito sai ya zo ya hau, ya zuba wa tabon nan ido kamar zai huda bulo. Da farko ina riƙe masa kan babur, daga baya na koma riƙewa da yatsa ɗaya, wata rana na janye yatsan na koma kan keken ɗinkina bai ma sani ba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne halin titi. Shekara da shekaru jikinsa ya saba, da an tsaya ƙafa ta sauka, sai ka ga ƙafar ta zame da kanta shi kuma yana zaginta.

Bayan haka aka shiga tayar da inji. Mutumin da ake kira Guguwa ya koma koyon tafiyar da ko kaza za ta wuce shi, yatsa ɗaya a kan kuloci, yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Ya koyi zagaya bokiti, ya koyi bin kan katako, ya koyi ɗan tsalle da tayar gaba don gyara tsayuwa. Maƙwabta suna leƙe ta katanga suna cewa tsoho ya zautu, ni kuwa na ba kowa amsar da ta dace da shi.

Amma ina ganin gwiwar. Duk yamma tana kumbura kamar an hura, ina gasa masa da ruwan zafi yana cije leɓe. Na ji tsoro, na faɗa masa.

"Yaya, mu je asibiti. Ƙafar nan kashe ta kake yi."

"In Manaja ya janye maganarsa, ki kai ni duk inda kike so."

Ya zaɓi safiya, lokacin lodi, sa'ad da harabar take cike. Motar kaya ta sauke mu a bakin get. Ya shiga a hankali a tsaye, ya bi ta tsakanin kwalaye, ya tsaya daidai ƙofar ofis, ya karya kan babur, ya kashe inji. Ƙafafunsa biyu suna sama. Ɗaya bayan ɗaya direbobi suka ajiye igiyoyinsu suka kewaye shi.

Manaja ya fito ya tarar an tare masa ƙofa.

"Buhu, wane wasan yara ne wannan? Ina kujerar keken naka?"

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya dai kafe gemun nan da ido.

"Ka matsa min, mutane suna da aiki!"

"Ka ce ban iya tsayuwa ba, ranka ya daɗe. Ga ni. Ina jira ka gyara maganarka."

Manaja ya yi barazanar kora, ya daka wa direbobi tsawa su koma lodi, ba wanda ya motsa. Wayar ofis tana ta kuka a bayansa. Don mugunta ya matso ya tafa hannu da ƙarfi a kunnen Yaya. Babur ya rinjaya, sai Yaya ya ɗan tsallaka da tayar gaba ya daidaita. Harabar ta ɗauki ihu. Gumi yana bin wuyan Yaya, amma Manaja da ke tsaye a kan ƙafafunsa biyu ya fi shi jiƙewa.

"To, ka iya," in ji Manaja can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba. Ka san tsufa."

"Na ce ka iya tsayuwa!"

"Wa ya iya?"

Manaja ya ce, "Guguwa."

Ya zaro makullin da ya ƙwace ya rataya a kan babur, ya shige ofis ya banko ƙofa. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Direbobi suna ta kiran sunan Yaya, amma shi bai sauko ba. Ya yafuto ni da ido, na matsa kusa.

"Auta," ya ce a hankali, "ƙafar ba za ta ɗauke ni ba. Rungume ni kamar murna kike. Yana leƙe ta taga."

Na rungume shi ina shewa, nauyinsa duka ya sauko a kafaɗata. A haka muka taka har get, ina dariya da ƙarfi, shi yana numfashi a wuyana.

Likita ya ce gwiwar ta gama aiki, ba babur kuma. Yaya ya aika da makullin tare da saƙon cewa ba zai yi aiki a ƙarƙashin mara kunya ba. Har aka canza wa Manaja wurin aiki yana ɗauka raini ne ya hana Guguwa dawowa, kuma muddin ina raye ba zai ji wani labarin daban ba.