Tatsuniyar da Iya Ba Ta Ƙarasa Ba

Gidanmu yana bayan masana'antun Challawa, inda warin jima ke riga mai gida tarbar baƙo. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, saboda haka mu uku ne: ni, Baba, da kakata Iya. Baba yana aikin yamma a wani kamfanin saƙa, sai bayan isha'i yake tashi.

Iya tana da doka ɗaya: ba a taɓa tuwo sai ɗanta ya dawo. Don kada barci ya ɗauke ni da yunwa, sai ta jingina tukunyar miya a gefen murhu, ta iza wuta, ta ce, "Matso, ga wata nan tafe." Tatsuniyarta ba ta da tsawon kanta, ƙararrawar keken Baba ce ke yanke ta. In ya yi sauri, kura ta sha kashi da wuri. In ya makara, sai Iya ta ƙara mata wani ƙauyen da za ta ratsa.

A farkon shekarun dubu biyu, maganar "fasahar zamani" ta cika gari. Rediyo na faɗa, masu sabuwar wayar hannu na faɗa, har mai gyaran fitila ya rubuta a jikin shagonsa. Iya ta mayar da ita abin tsokana. In ashana ta kama mata a ƙyastawar farko sai ta ce, "Oho, fasahar zamani!" Amma ranar da maganar ta shigo gidanmu da gaske, Baba ne ya kawo ta, yana wanke hannu.

"An kawo sabon inji, Iya. Fasahar zamani. Da kwamfuta yake aiki, mutum ɗaya ya isa ya riƙe layi guda."

"To, sauran mutanen layin fa?"

Baba ya ci gaba da wanke hannun da ya riga ya fita.

Bayan 'yan kwanaki ta ɗauko labarin wani masaƙi da ke zama cikin 'yan'uwansa a gindin tsamiya, ana saƙa ana zolayar juna. Sai aljani ya ba shi masaƙa mai saƙa da kanta, da sharaɗin ba ta son motsin mutum kusa da ita. Ya kai ta ɗaki ya kulle. Zane ya yi ta fitowa, mai kyau, mai araha, har sauran masaƙa suka naɗe zarensu suka bar garin ɗaya bayan ɗaya. Ran nan ya saka rigar da ta fi kowace kyau, ya fito gindin tsamiya don a yaba.

"Sai me ya faru, Iya?"

Ta kasa kunne tana sauraren hanya. Ba mu ji ƙararrawa ba. Baba ya shigo yana tura keken a hannu. An sallame su, duk layin.

Ya sayar da keken, ya hau motar Fatakwal neman aiki, ya ce kafin sallah zai dawo. Daga nan muka koma cin tuwo da magariba, mu biyu. Na sha roƙonta ta ƙarasa min labarin. Sai ta ce, "Ba ni nake ƙarasawa ba, ɗan nan. Babanka ne." Salloli suka wuce. Gaisuwar rasuwarta ce ta dawo da shi Kano, bai daɗe ba ya koma.

Yau ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, ni kaɗai gaban inji a wani makeken ɗaki. In aka kawo baƙi, manaja ya nuna shi ya ce, "Fasahar zamani ke nan," ni kuma in gyaɗa kai. Ba na gaba da injin, shi ke ciyar da ni. Amma kaɗaici yana damuna, kuma na daina tambayar ƙarshen masaƙin nan, tunda kullum ina tsaye a inda Iya ta bar shi.

Har yanzu, in na ji ƙararrawar keke a titi, sai in ji yunwa ta taso min.