Katin Hadiza da Aka Manne a Leda

Har yau ban manta da wata ranar Talata ba a asibitin idon da nake aiki, nan Kaduna. Ni nas ne a ɓangaren yara. Na yi Sakkwato, na yi Yola, na bi ayarin aikin ido har Maraɗi, na ga masu rambaɗa wa yaro kwalli a kan ɗinki ɗanye. Amma wanda ya fi tayar min da hankali ɗan boko ne, mai biro uku a aljihu.

Sunansa Malam Garba, ma'aikacin rajista ne a gwamnati, yana zaune a Unguwar Rimi. Ya kawo 'yarsa Hadiza, 'yar shekara tara, wai tabarau kawai za a canza mata, don malamarsu ta ce tana yawan buge benci ta hagu. Ina ganin kaurin gilashin na san an cire mata yanar ido tun tana jaririya. Na ce, "Malam, ina katinta?"

Ya buɗe jaka cikin natsuwa, ya wuce takardar haihuwa, ya wuce ta rigakafi, ya zaro katinmu. An kai shi shago an manne shi a leda, kamar takardar digiri. Har sheƙi yake. Ku sabbin ma'aikata kun san bayan katin nan layuka ne, duk zuwa a nan muke rubuta ranar dawowa. Layi biyu kaɗai na gani a cike.

Na ce, "Malam, wa ya sa ka wannan aiki?"

"Haba Nas, muhimmiyar takarda ce fa. Aiki ya yi kyau, yarinya tana gani, har walima muka yi. Fayil in an gama da shi ai adana shi ake yi."

"To ranar dawowa a ina kake so mu rubuta maka? A goshi?"

Ya yi dariya. Ni kam dariyar ta ƙi zuwa. Ashe duk shekarun nan tsohon gilashin yake kai wa mai shago a yanko masa irinsa.

Ga abin da bai sani ba. Yaron da aka yi wa aikin yana da ƙuruciya ba a gamawa da shi. Ruwan cikin idon kan daina fita yadda ya kamata, ya taru, ya danne jijiyar gani. Shi ne hawan jinin ido. Yana iya zuwa bayan shekaru, sau da yawa ba ciwo ba ja, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Na auna idon hagu, ya hau sosai. Na sake aunawa, ina fatan na'urar ce ke min ƙarya. Na kira babbar likitarmu. Ta daɗe tana haskawa, sannan ta ce, "Na hagun jijiyar ta tafi da yawa. Na daman ya fara, amma mun riske shi." Ta juyo gare ni. "Wa ya yi musu bayani lokacin aikin?"

Na ɗauko tsohon fayil da shirin ganin sunan wanda zan ci wa mutunci. Rubutuna na tarar.

Malam Garba ya ce, "Wallahi Nas, na tuna ka tsayar da ni a baranda kana magana. To ranar ce ta fara bin hasken tocila da ido. Kakarta na rangaɗa guɗa, ni ina waya da danginmu na Rigachikun."

Hadiza ta ja min riga. "Kawu, to tabarau ɗin nawa fa?"

Na ce za ta samu, har ta zaɓi kalar da take so. Muka ɗora ta kan maganin ɗigawa safe da yamma. Da na daman take karatu yanzu, kuma uban bai sake tsallake rana ba.

Shi ya sa kuke ganin ina takura wa iyaye. Ba na yin wannan bayani ranar buɗe ido, ranar ba mai sauraron kowa. Tun kafin a shiga tiyata nake zaunar da uwa da uba, a kashe waya, in ce aikin awa ɗaya ne amma zuwa asibiti har yaro ya girma ya yi gemu. Sai sun maimaita min da bakinsu. In kun ji ana cewa na cika mita, ku bar su su faɗa. Minti biyar na ƙi ɓatawa a barandar nan in tabbatar uban ya ji, Hadiza ta biya da ido guda.