Wata Biyu a Katin Inna

Ranar da na fara taka ofishin ƙanwata, farar riga na sa mai sabon guga, don kada abokan aikinta su ce Dakta ba ta da dangin kirki. Na same ta tana waya, ta nuna mini kujera da haɓa. Ni kuwa koyar da tuƙi ne sana'ata, wuni nake a zaune, don haka na ƙi kujerar, na jingina da farin allon da ke bango, na harɗe hannu kamar mai ginin. Da ta ajiye waya ta ɗago kai, sai na ga fuskarta ta sauya. Na matsa gefe. Ashe rabin abin da ke allon ya koma bayana: kibiyoyi ja da shuɗi, da'irori, lambobi, duk a juye. Aikin sati biyu ne, in ji ta. Ta sa na fuskanci bango kamar ɗalibin da ya makara, ta shiga ɗaukar hoton bayana da waya.

Na ce, "Ko ba komai, yau dai na goya ilimi."

Ta ce, "Daina motsi, Yaya."

Auta muke ce mata, shekara goma sha huɗu ke tsakaninmu. Tana aji uku a firamare mahaifinmu ya rasu, Inna ta riƙe gidan da keken ɗinki. Tun Auta tana ƙarama ba ta da ƙawa kamar tururuwa. Sai ta zuba sukari a bakin ƙofa, ta jira su ja layi, ta tare musu hanya da tsinke, ta kwanta rub da ciki tana kallon inda za su bi. In ta toshe nan su ɓulle can, ita kuwa tana rubutawa a bayan littafin lissafi. Inna ta sha cewa sukarin gidan nan rabi na shayi ne, rabi na baƙin Auta.

Da ta sami gurbin karatun likita, har maƙwabta sai da suka fara tara mata ciwon bayansu, suna jiran ta gama. A shekara ta uku ta dawo gida ta ce ta sauya, ilimin halittu za ta yi haɗe da lissafi. Inna ta yi kuka a kan keke, ni kuma na yi abin da na fi iyawa, na raɗa mata suna Likitar Kwamfuta. Sunan ya bi ta har ƙasar waje, inda ta yi shekara biyar, ya kuma biyo ta da ta dawo cibiyar bincike da ke jikin babban asibiti. Har yau ba ta taɓa yi wa kowa allura ba.

Sau ɗaya ta yi mini bayanin aikinta, da yarena kuma ta yi shi. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jiki tamkar mahaɗar tituna ce, abubuwa dubbai suna ba juna hannu, wannan ya ce wuce, wancan ya ce tsaya. Ciwon daji shi ne ranar da birki ya tsinke, totur kuma ya maƙale. Likita ƙarin da ya tsiro a jiki yake gani. Ita kuwa sakamakon gwajin marasa lafiya take zubawa a kwamfuta, ta zana wa ke ba wa umarni, don a gane tun da wuri ƙarin da ke rarrafe da wanda ke gudu. Na ce ashe 'yar sandan hanya muka haifa. Ta yi murmushi, irin na wanda ya saba.

Lokacin da take shekarar ƙarshe a waje, Inna a gidana take. Wata safiya ina wanke motar koyo ta leƙo ta taga ta ce, "Babba, zo ka ji." Ta ce wani abu mai tauri take ji a ƙasan hammata, ba ya ciwo, amma ba ya tafiya. Ta ce ko in gaya wa Auta, tunda ita ba ta so ta ɗaga wa yarinya hankali tana tsakiyar rubutun kammala digiri.

Na ce, "Inna, kaluluwa ce. Auta kuwa sai in kwamfuta kika haɗiye za ta iya taimakonki."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙarfen taga. Babu abin da nake so a duniya kamar dariyar nan, tun ina yaro da ita nake tsira daga bulala. Ta sake tayar da zancen sau biyu. Na farko na sayo mata man zafi, na biyu na ce bari ɗaliban da ke hannuna su gama gwaji. Daga nan ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Kwana uku da dawowar Auta ta lura Inna ba ta iya ɗaga hannun dama ta zura zare a keke. Washegari muna asibiti. Likita ya duba, ya ɗauki biro ya ce, "Tun yaushe kika fara jinsa, Mama?" Inna ta dube ni. Auta tana tsaye a gefena, kafaɗarta na taɓa tawa. Sai na ji bakina ya ce, "Wata biyu." Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Likita ya rubuta a kati.

Shekara ɗaya da rabi Inna ta yi bayan nan, Allah ya jiƙanta. Kafin ta rasu ta dangwala yatsa a takardar amincewa a sa gwajinta cikin binciken cibiyar. Ta ce tunda jikin ya ƙi yi mata amfani, ya yi wa wani.

Marasa lafiya ɗari shida ne a cikin binciken, babu suna, sai lamba. Amma wace 'ya ce za ta ga shekarun uwarta da ranar da ta kai ta asibiti ta kasa gane ta? Lissafin Auta ya zauna daidai a kan kusan kowa, sai Inna. Bisa gwajinta, ƙarinta mai rarrafe ne. Bisa kati, cikin wata biyu ya kai girman da sai mai gudu. Wani zai share lamba ɗaya ya wuce, Auta ba ta sharewa. Ta ce in lissafi ya ƙi mutum ɗaya, akwai hanyar da ba ta zana ba, kuma wata rana wata mata za ta faɗa cikinta. Shekara uku tana neman hanyar nan. Ta riƙe sakamakon da likitocin asibitin ke jira don su san wanda za su fara kira. Shugabanta ya yi lallashi ya yi faɗa. Tsoron kada abin na gado ne ya sa ta je aka gwada ta, ta kuma zo ta ɗauki babbar 'yata ita ma aka ɗebi jininta. Ni na kai su da mota, ina ba su labarin ɗalibin da ya taka totur ya shiga shagon aski.

A falona ta faɗi duk wannan, wata Asabar, tana juya cokali a kofi. Ta rame, gilashinta na zamewa. Na ce ta ci abinci kada iska ta ɗauke mana Dakta. Bayan ta tafi, matata, wadda ita kaɗai ta san zancen taga, ta kwashe kofuna ta ce, "Maigida, bakin da ya ɗaura shi zai kwance. In ba ka je ba, ni zan je."

Abin da ya kai ni ofishin ke nan.

Da ta gama da allo ta zaunar da ni gaban kwamfutarta. Ɗakin sanyi ƙalau, ta bayan bango ana jin gurnanin manyan injina. A fuskar kwamfutar ɗigo-ɗigo ne sun taru kamar garke, sai guda ɗaya can sama shi kaɗai. Ta sa bakin biro a kansa.

"Ga Inna."

Na ce, "Da ma ba ta son cunkoso."

Ba ta yi dariya ba. Na dubi kofin shayinta da ya huce, na dubi wayoyin da suka cukuikuye a ƙarƙashin tebur, na rasa abin dubawa. Sai na faɗa mata. Na faɗi taga, na faɗi kaluluwa, har maganar haɗiye kwamfuta ban rage ba. Na ce abin ya kusa shekara, ni na mai da shi wata biyu, don ban iya faɗin gaskiya tana tsaye a gefena ba.

Ta cire gilashi ta ajiye. Ta daɗe tana kallon ɗigon nan. Wata abokiyar aikinta ta turo ƙofa da takardu, ta ga fuskokinmu, ta ja ƙofar a hankali.

Na ce, "Auta, ki yafe mini. Kin san bakin yayanki, shi ke gaba, hankali na biye da shi a ƙafa."

Ta mai da gilashinta, ta jawo madannan kwamfutar gabanta, ta buɗe layin Inna, ta ɗora yatsunta ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, "Wadda za ta yafe maka ba ta bar mini saƙo ba. 'Kusa da shekara' ba lamba ba ce. Wane wata ne, Yaya? Kuma wannan karon ka ƙirga kafin ka buɗe baki."