Sammani Bai Taka Tsibirin Ba

Duk wanda ya zauna a Kura cikin shekarun tamanin ya san Sammani Mai-tsibiri. Allah ya jiƙansa, bai kai arba'in ba. Laƙabin nan kuwa mugunta ce tsagwaronta, don bawan Allahn nan bai taɓa taka tsibirin ba.

Yana saurayi aka sako ruwan madatsar Tiga cikin kanal, wato babbar magudanar noman rani, gonar gadonsa ta faɗa yankin ban ruwa. Alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina. Wuni yake cikin ruwa har gwiwa, ba takalmi. Hannunsa na da albarka, shi ya sa wani Bature injiniya a Kadawa ya ɗauke shi kula da lambun gidansa.

Baturen nan ne ya hure masa kunne, ba da gangan ba. Duk shekara in ya dawo daga hutu sai ya baje hotunan tsibirin Kanari: jirgin ruwa mai benaye, ya kai girman unguwa guda, ga ayaba, ga mutane kwance reras kan yashi a bakin teku.

"Ranka ya daɗe, su waɗannan ba su da aikin yi ne?" in ji Sammani.

"Hutawa suke. Biya ma suka yi."

Sammani ya yi dariya har da ƙwalla, a ce mutum ya biya don ya kwanta cikin rana! Amma da abin ya koma gida a ransa.

A 1985 kwangilar Baturen ta ƙare. Ya ce zai tafi da Sammani, su yi mako biyu a jirgin nan tare da iyalinsa, sannan ya bar shi a tsibirin yana kula da lambun wani otal. Ya tambaye shi ko yana da wani ciwo.

"Ko ciwon kai ba na yi," in ji Sammani.

Wallahi iya gaskiyarsa ya faɗa. Shekara goma ke nan yana fitsarin jini, to amma wa ya ɗauki tsargiya ciwo a bakin kanal? Kusan kowane namiji na yi, wasu ma cewa suke alamar balaga ce.

Fasfo da suturar tafiya da abin da zai bar wa gida, duk a wuyansa suke. Ya nufi Alhaji Isiyaku dillalin tumatir da cinikin gonarsa. Zai fita ke nan, Barira matar Sammani ta tare shi a zaure.

"Malam, don Allah ka bar gonar nan. Ko aro ka bayar, ka dawo ka tarar da abinka."

"Ke dai ki yi mini addu'a. Irinta uku zan saya."

Ya sayar.

A Legas aka ce sai likita ya sa hannu kafin a ba shi takardar izinin aiki. Aka miƙa masa kwalbar gwajin fitsari, ya dawo da ita jawur, ko a jikinsa. Likita ya daɗe yana dube-dube, sannan ya yi bayani, Baturen yana fassarawa da guntuwar Hausarsa. Wata ƙwayar cuta ce da ke fitowa daga katantanwar kanal, ta huda fata ta shiga. Ta riga ta yi wa mafitsararsa illa, ba zai sa hannu ba.

Baturen ya dafe kai. "Sammani, da ka faɗa mini tun a Kadawa, da tuni mun fara magani."

Ya saya masa magunguna, ya sa shi a motar Kano. Kafin nan Sammani ya roƙa aka kai shi bakin teku, ya tsaya da takalminsa a hannu yana kallon ruwan.

Ya dawo Kura ana shukar alkama. Barira ba ta yi masa gori ba, wannan ya fi gorin ciwo. Da hatsi ya ƙare a rumbu, ya haɗiye kunya ya je neman ƙwadago a gonar da ya sayar.

Alhaji Isiyaku ya miƙa masa bututun ban ruwa. "Ai ka fi kowa sanin gonar nan. Yi maza, ruwa na wucewa."

Sammani ya tsaya a bakin kanal. A duk masu aikin nan shi kaɗai ya san abin da ke cikin ruwan, kuma tsoro ya kama shi sosai. Gida kuwa ba a ɗora tukunya ba tun jiya.

Ya naɗe wandonsa ya shiga.